Kwana Biyu ko Uku a Birni Tare da Yara 'Yan Shekara 9 Zuwa 12

Assalamu alaikum. Iyayena maza da mata, da 'yan'uwana malamai, ina godiya da kuka ba ni aron lokacinku. An nemi in yi magana a kan gajeriyar tafiyar hutu zuwa wani birni, ta kwana biyu ko uku, tare da yara 'yan shekara 9 zuwa 12, wato waɗanda suka wuce a riƙe musu hannu a kowane taku amma ba su kai a sake su su kaɗai ba. Zan fara da yaron kafin in zo kan birnin, domin a ganina yawancin irin wannan tafiya tana lalacewa ne tun daga gida, ranar da babba ya zauna shi kaɗai ya tsara komai, ya mayar da yaro kamar jakar da za a ɗauka daga wuri zuwa wuri.

Masanin tunanin yara ɗan ƙasar Suwizalan, Jean Piaget, ya bayyana cewa daga shekara 7 zuwa wajen 11 yaro yana iya yin tunani mai tsari a kan abin da yake gani da ido ko yake taɓawa da hannu: yana jerawa, yana ƙirgawa, yana rarrabewa, yana kwatanta wannan da wancan. Dogon bayani a kan abin da ba a gani yakan zauna masa ne daga baya. Saboda haka yaro a wannan shekaru yana bukatar aikin yi a cikin tafiyar, kuma aikin da na fi so a ba shi shi ne jagora. A miƙa masa taswira, a gaya masa inda ake son zuwa, a bar shi ya nemo hanya.

Taswirar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta fi kowace dacewa da wannan. Birnin Landan ne ya fara buɗe irin wannan jirgi a 1863, kuma a 1933 aka fitar da taswirar da Harry Beck ya zana, wadda ta yi watsi da ainihin nisan wurare ta bar layuka masu launi da ɗigon tashoshi kawai. Birane da yawa sun bi wannan salo, kuma ɗan shekara 10 yana iya karanta shi cikin 'yan mintoci. Zai ƙirga tashoshi, zai gano inda ake sauya layi, wani lokaci kuma zai kai ku gefen da ba daidai ba. Ina roƙon iyaye, musamman mu maza, mu haɗiye gyaran da ke bakinmu. Ɓatan minti goma ba asara ba ce idan yaron ne da kansa ya gano kuskuren ya juyo da ku.

Yanzu sai gidan tarihi, inda na fi son in daɗe, domin a nan ne ni kaina na taɓa yin ɓarna. Na taɓa shiga da 'ya'yana gidajen tarihi uku a yini ɗaya, ina ganin kamar gata nake yi musu, kuma da muka dawo na tambayi babbar abin da ta fi tunawa, sai ta ce bencin da ta zauna a kai. Ashe abin yana da suna tun da daɗewa. A 1916 Benjamin Ives Gilman, ma'aikacin gidan adana kayan fasaha na birnin Bostan, ya yi rubutu a kan gajiyar da ke kama mai ziyarar gidan tarihi, har ya haɗa da hotunan mutum yana durƙuso, yana sunkuyo, yana ɗage don ya ga abin da aka ajiye. Idan babba yana gajiya haka, ina ga yaro? Gidan tarihi na Louvre da ke Faris yana baje kolin abubuwa wajen 35,000, kuma babu iyalin da za su gama da shi a yini. Abin da ke aiki shi ne gida ɗaya a rana, a kuma zauna tun da dare kowane yaro ya zaɓi abu biyu ko uku da yake son gani, sa'an nan da safe a shiga farautarsu. Wanda ya karanta labarin ƙashin babbar dabbar teku da ake kira whale, mai tsawon mita 25, da aka rataye a zauren gidan tarihin halittu na Landan a 2017, idan ya tsaya a ƙarƙashinsa ya ɗaga kai, zai san cewa gani ya kori ji. Da zarar an ga abin da aka zo nema, a fita tun yara suna marmari. A kuma duba ranar hutun wurin kafin a bar masauki, domin da yawa suna rufewa ranar Litinin, Louvre kuwa ranar Talata.

Idan birnin yana da cibiyar kimiyya irin wadda ake taɓa kaya da hannu, ita ce ta cancanci a ba ta rabin yini cur. Frank Oppenheimer ya buɗe Exploratorium a San Faransisko a 1969 bisa wannan tunani, kuma yau akwai ire-irenta a manyan birane da dama. A can ba a cewa yaro kada ya taɓa, kuma wannan kaɗai ya isa ya sauya masa fuska.

Shawarata ga yinin farko ita ce a hau wuri mai tsawo, hasumiya ko tudu, yaro ya riƙe taswirarsa ya nemo kogi, da tashar jirgi, da unguwar masaukinku daga sama. Inda akwai matakala a bi ta. Hasumiyar Eiffel da ke Faris tana da matakai 674 zuwa hawa na biyu, kuma yaran za su ƙirga su ko ba a sa su ba, su kuma riga ku isa. Inda akwai ruwa a shiga jirgin fito na yau da kullum. A Istanbul irin wannan jirgi yana ɗaukar mutum daga nahiyar Turai zuwa Asiya a cikin kamar minti 20.

Kada a manta da jiki. Likitocin barci na Amurka sun ba da shawarar awa 9 zuwa 12 ga 'yan shekara 6 zuwa 12, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce yara su samu aƙalla minti 60 na motsa jiki matsakaici zuwa mai ƙarfi a kullum. Jan ƙafa a bayan iyaye a cikin zaure yana gajiyarwa, amma bai biya wannan bukata ba, don haka a ware awa ɗaya da yamma a lambun shaƙatawa su yi gudu. Yawancin rigimar da ake kira rashin kunya a wajen tafiya yunwa ce ko barci.

Game da tsaro, kowane yaro ya riƙe takarda a aljihu mai sunan masauki da lambar wayarku, ko da yana da waya, domin caji yana ƙarewa. A kuma yi yarjejeniya tun kafin a shiga tasha: idan ƙofar jirgi ta rufe ta raba ku, wanda ke ciki ya sauka a tasha ta gaba ya tsaya cik, wanda ke waje ya biyo shi a jirgi na gaba. A sa yaran su maimaita wannan da bakinsu.

Safiyar ƙarshe kuwa ni ba na tsara mata komai. Ina tambayar yaran inda suke so mu koma, kuma sau da yawa wurin da suke zaɓa ba ya cikin jerin da na rubuto daga gida. To, a nan zan dakata, mai tambaya yana iya ɗaga hannu.