Gidan da Aka Ce Yana da Masu Shi

An rubuto wannan lacca daga faifan da aka naɗa a wajen taron.

Assalamu alaikum. Iyayena maza da mata, malamai, ɗalibai, barkanmu da yamma. Na baya kuna jina? Madalla.

Da wuya a samu unguwar da ba ta da irin gidan nan: ginin arziki, haya da araha, amma kowa ya shiga ba ya cika wata uku. Ka tambayi maƙwabta, sai su rage murya su ce, "Ai gidan yana da masu shi." Ban zo in ce muku babu aljanu ba. Alƙur'ani yana da sura guda da sunansu. Abin da na zo da shi shi ne halin da mutum ke shiga idan ya kwana a irin wannan gida.

Tsoro yakan riga mutum shiga. A 1997 wasu masana biyu a Amurka, Lange da Houran, sun kai mutum 22 wani tsohon gidan wasan kwaikwayo. Rabi aka ce musu ana ganin fatalwa a wurin, rabi aka ce musu gyara kawai ake yi. Gini ɗaya, ɗakuna ɗaya. Waɗanda aka tsorata su ne suka fi dawowa da labarin jin abubuwa a jikinsu. To haka mai haya yake idan dillali ko mai shayin bakin layi ya riga ya ba shi labari. Dare ya yi, kwanon rufi ya huce daga zafin rana ya yi ƙas, gafiya ta ruga a cikin silin, mujiya ta yi kuka a kan katanga. A gidan uwarsa duk ya saba jin waɗannan, ko juyi ba ya yi. A nan kuwa sai zuciya ta hau dukan uku-uku, tsigar jiki ta tashi, ya kasa kunne har asuba.

Wanda kuma ya yi ta kwana ido biyu, dannau ba ya nesa da shi. Lokacin mafarki ƙwaƙwalwa takan kashe ƙarfin gaɓoɓi don kada mutum ya tashi ya aikata abin da yake gani. Wani sa'in sai ya farka kafin a sake shi: ido a buɗe, ga ƙofa yana gani, hannu ya ƙi ɗaguwa, ƙirji ya yi nauyi, wani ma har ya ga mutum tsaye a kansa. Rashin barci da kwanciyar rigingine suna ƙara kawo shi. Da safe kuma gidan za a ɗora wa laifi.

Yanzu ga inda nake so ku ajiye wayoyinku. A 1921 wani likitan ido a Amurka, William Wilmer, ya wallafa labarin wasu iyali da suka tare a wani babban tsohon gida. Suna jin takun ƙafa a inda babu kowa. Suna jin kamar an danne su a gado. Matar gidan ta ga siffar mutane a ɗakinta. Ciwon kai ya kama su, yara suka yi laushi, har shuke-shuken cikin gida suka bushe. Da aka bincika, ashe murhun ɗumama gidan ne ya lalace, yana turo hayaƙin guba cikin ɗakuna maimakon ya fita ta bututu. Aka gyara murhu, baƙin dare suka ɗauke ƙafa.

Gubar nan ita ce kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Tana kama jini fiye da yadda iskar oksijin ke kama shi sau 200 da ɗoriya, sai ƙwaƙwalwa ta shiga yunwar iska: ciwon kai, jiri, tashin zuciya, ruɗewa, daga nan sai barcin da ba a tashi. Mu ba mu da irin wancan murhu, amma muna da janareta da ake turawa cikin barandar da aka rufe saboda ɓarayi, muna da kaskon gawayi da ake shiga da shi ɗaki da hunturu a toshe taga da tsumma. Ku lura da mugun wayon abin: wanda ya shaƙa kaɗan-kaɗan, idan ya je gidan 'yan uwa ya kwana biyu sai ya ware, idan ya dawo sai ciwo ya dawo. Me dangi za su ce? "Ba mun gaya maka ba? Gidan ne." Sun yi gaskiya, gidan ne, sai dai sun kama wanda ba shi ya yi ba. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne mai maganin da zai zo ya ce a rufe ƙofa da taga a turara hayaƙi a kan garwashi. Wallahi wannan ƙara wa Barno dawaki ne.

Addini ma bai koya mana firgita ba. A Muwaɗɗa da Sahihu Muslim akwai hadisin Abu Sa'id al-Khudri game da wani saurayi ango a lokacin yaƙin Khandaƙ. Ya dawo gida ya tarar da amaryarsa a ƙofa, ga ƙaton maciji a kan shimfiɗa. Ya soke shi da mashi, shi da macijin duka suka mutu. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bayyana cewa akwai aljanun da suka musulunta a Madina, ya yi umarni a yi wa irin wannan macijin gida gargaɗi na kwana uku kafin a kashe shi. Wato a natsu, a bi mataki. Ya kuma inganta cewa Shaiɗan yana gudun gidan da ake karanta Suratul Baƙara. Ka karanta, ka yi azkar ɗinka, sannan ka ɗauki tocila ka leƙa silin, ka fitar da janareta fili nesa da taga.

Na ga Hajiya ta ɗaga hannu. Bismillah, Hajiya.

Ga waɗanda ba su ji ba, tana tambaya ne ko wajibi ne mai gida ya gaya wa mai saye cewa ana faɗin haka a kan gidansa. Hukuncin shari'a na bar wa malamai, ga su nan a sahun gaba. Amma an taɓa kai irin wannan ƙara kotu a jihar New York. Wata mata ta yi shekaru tana shelar cewa gidanta da ke garin Nyack yana da fatalwa, har a mujalla aka buga. Ta sayar wa wani baƙo ba ta ce masa komai ba. A 1991 kotun ɗaukaka ƙara ta ce tunda da bakinta ta yaɗa zancen har ya taɓa darajar gidan, ba ta da damar musantawa, mai saye kuma yana da hurumin neman a warware cinikin.

Akwai wata tambayar? To, ɗan samari na can gefe, a miƙa masa abin magana.