Wa ke jinya, wa ke reno? Lacca kan yadda ake auna ɗawainiyar iyali

Assalamu alaikum. Malamai da ɗalibai, barkanmu da yamma.

Maganarmu ta yau a kan aikin da ba a biyan kowa ce: reno, girki, wanki, jinyar tsofaffi, kwana a gefen gadon mara lafiya a asibiti. Rahoton Hukumar Ƙwadago ta Duniya na 2018 ya ƙiyasta cewa kullum ana shafe awa biliyan 16.4 a wannan aiki, mata ne kuma ke yin kashi 76.2 cikin ɗari. Mace awa 4 da minti 25 a rana, namiji awa 1 da minti 23. Abin da nake so mu tsaya a kai shi ne yadda ake samo irin waɗannan alƙaluma, domin yadda ka tsara tambayarka shi ke yanke abin da za ka gani.

Kada ka tambayi mace awa nawa take jinya a mako. Ba ta ƙirga ba, kintace za ta yi. Ka tambaye ta jiya. Binciken amfani da lokaci da gwamnatin Amurka ke yi tun 2003 yana bin mutum ne daga ƙarfe 4 na asubar jiya zuwa ƙarfe 4 na asubar yau, aiki bayan aiki. A ƙasashen Turai da yawa ana raba yinin minti goma-goma. Takardarka ta kasance da gurbi uku: me kike yi, me kuma kike yi a lokaci guda, wa ke tare da ke. Gurbi na biyun ne aka fi yin sakaci da shi, nan kuwa reno ke ɓacewa, don matar da ke tuƙa tuwo da goyo a bayanta "girki" kawai za ta ce maka. Ka rarraba ranakun a tsawon mako, har da Juma'a da ranar kasuwa, ka yi da damina ka kuma yi da rani. Sannan kada ka yarda maigida ya amsa a madadinta, ko da ya ce ya san komai na gidansa. Bai san sau nawa ta tashi cikin dare ba.

Da irin wannan lissafin lokaci ne Arlie Hochschild ta nuna a 1989 cewa matar Amurka mai aikin albashi, idan aka haɗa aikin ofis da na gida, tana fin namiji da kusan awa 15 a mako, wato ƙarin wata guda cur a shekara, dare da rana.

Kuskure na biyu ya fi girma: ɗaukar gida ɗaya a matsayin iyali. A 1965 rahoton Moynihan, wani jami'in gwamnatin Amurka, ya duba yawan gidajen baƙar fata na Amurka da babu miji a ciki, ya ce iyalinsu ya lalace. Carol Stack ta zauna cikin wata unguwar talakawa baƙar fata, ta fitar da sakamakonta a 1974. Ta ga yaro yana kwana a gidan kaka, yana ci a gidan inna, ana musayar kuɗi da kaya da reno tsakanin gidaje, har wanda ba jini ba akan mayar da shi ɗan'uwa idan yana taimakawa. Zumuncin yana ceto, amma yana cin dukiya: wasu ma'aurata sun gaji dala 1,500, cikin wata ɗaya da rabi kuɗin suka ƙare a buƙatun dangi. Mai ƙirga gida-gida ba zai ga ko ɗaya daga wannan ba.

Mu da muka san riƙo bai kamata mu faɗa wannan rami ba. Enid Schildkrout ta nuna a Kano cikin shekarun 1970 yadda matan kulle ke dogara da yara wajen talla da aike, ciki har da yaran da ba su suka haifa ba. Saboda haka ka bar tambayar su wa ke cikin gidan nan. Ka ce: a watan da ya wuce, wa ya riƙe miki yaro? Wa ya ranta miki kuɗi? Wa ya kai ki asibiti? Ka rubuta dangantakar kowa, da nisan gidansa, da abin da ita ma ta yi masa.

Sai batun launin fata da arziki, inda ake yawan cakuɗa su. A 2004 Natalia Sarkisian da Naomi Gerstel sun kwatanta taimakon dangi tsakanin baƙaƙe da fararen Amurka. Baƙaƙe sun fi ba da taimakon jiki, irin su reno, aikin gida da kai mutum wani wuri a mota, farare kuma sun fi ba da kuɗi. Amma mazan ɓangarorin biyu kusan ɗaya suke, bambancin a wajen mata yake, kuma mafi yawansa halin arziki da ilimi ne ke bayyana shi, al'ada kaɗan ta ɗauka. Darasin aiki a nan: kafin ka ce wata ƙabila ta fi wata zumunci, ka kwatanta masu ƙarfi ɗaya. Ka kuma raba kuɗin shiga da kadara, don mutum biyu na iya samun albashi ɗaya, ɗaya yana da gidan gado ɗaya yana haya.

Idan mai hali ta sauke nauyin, wa ke ɗauka? Evelyn Nakano Glenn ta nuna a 1992 cewa a Amurka aikin wanki da shara da reno a gidajen farare ya daɗe a wuyan baƙaƙen mata a Kudu, 'yan asalin Meksiko a kudu maso yamma, da 'yan asalin Japan a Kalifoniya da Hawai. Doka ma ta tsallake su: dokar fansho ta 1935 da ta mafi ƙarancin albashi ta 1938 ba su haɗa da masu aikin gida ba, sai a 1974 aka shigar da su ta albashi. Rhacel Parreñas ta bi sawun matan Filifin da ke aikatau a Roma da Los Angeles, ta tarar 'ya'yansu na can gida a hannun kaka, ko 'yar'uwa, ko wata matar da ta fi su talauci.

Don haka idan ka shiga gida a Kano ko Maraɗi ka samu 'yar aiki, ita ma ka cika mata tata takardar, a keɓe, ba a gaban uwar ɗakinta ba. Ka tambayi shekarunta, wa ke karɓar kuɗin aikinta, da kuma wa ke kula da ƙannenta ko 'ya'yanta a ƙauye.

Bari mu tsaya nan, mai tambaya ya ɗaga hannu.