Amsoshin Tambayoyinku: Tsufa da mutuwa a tsibirin Key West

Jama'a masu sauraro, barkanmu da sake saduwa a cikin shirin Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙarmu ta farko daga wani mai sauraro ce a Damagaram, wanda ya ce ya ji labarin wani tsibiri a Amurka mai suna Key West, inda aka shimfiɗa duwatsu ɗauke da sunayen mamata a bakin teku, yana son sanin su wane ne waɗannan mutane, kuma me ya tara su a can.

To, malam, Key West ƙaramin tsibiri ne a can ƙarshen kudancin jihar Florida, ya ma fi kusa da Kyuba fiye da birnin Miami. Tun da daɗewa marubuta da masu zane suke zuwa su zauna a cikinsa saboda babu mai sa wa wani ido. Marubucin wasan kwaikwayo Tennessee Williams ya yi gida a nan tare da abokin zamansa Frank Merlo, wanda ya rasu a 1963. Da sojojin ruwa suka rage ayyukansu a tsibirin a shekarun 1970, gidaje suka yi arha, sai maza masu neman jinsi ɗaya, waɗanda da yawansu danginsu sun juya musu baya, suka riƙa sayen tsofaffin gidajen katako suna gyarawa suna mayar da su masaukin baƙi. A 1983 mutanen garin suka zaɓi Richard Heyman, wanda bai ɓoye cewa shi ma yana cikinsu ba, ya zama magajin gari.

A daidai wannan lokaci ne cutar ƙanjamau ta shigo, kuma ta yi wa ɗan ƙaramin garin mummunar ɓarna. Samari majiya ƙarfi suka riƙa ramewa, baƙaƙen tabo suna fito musu a fata, ciwon huhu yana kwantar da su, babu magani mai aiki. Sau da yawa abokai ne suke yin jinya, su wanke mara lafiya, su ba shi abinci a baki, su kuma shirya jana'izarsa, domin iyaye ba su zo ba. Shi kansa Heyman cutar ce ta yi ajalinsa a 1994. Duwatsun da ka ji labari baƙaƙe ne, an shimfiɗa su a ƙasa a mashigar gadar teku ta White Street, an buɗe wurin a 1997, kuma sunayen da ke kansu, na waɗanda cutar ta kashe, sun haura 1,000.

Wata mai sauraro daga Kumasi ta rubuto tana tambaya: waɗanda suka tsira fa, wa ke kula da su yanzu?

Hajiya, wannan tambaya ta taɓa inda abin ya fi ciwo. A 1996 aka samu haɗin magunguna da suka danne ƙwayar cutar, sai mutanen da suka riga suka sayar da kayansu suka zauna jiran mutuwa suka samu kansu a raye, ba tare da tanadin tsufa ba. A yau fiye da rabin masu ɗauke da ƙwayar cutar a Amurka sun kai shekara 50 ko sun wuce, suna fama da ciwon zuciya da na ƙoda da raunin ƙashi. Da yawa daga cikin tsofaffin Key West ɗin nan ba su da 'ya'ya, kuma abokan da za su riƙe su su ne aka rubuta a kan duwatsun. Ga kuma tsadar haya da yawon buɗe ido ya jawo, wadda take tilasta wa wasu barin tsibirin da furfurarsu, su koma wuraren da babu wanda ya san su. A ganina, ko wane ra'ayi mutum yake da shi game da rayuwarsu, tsoho mara lafiya da ba shi da mai miƙa masa ruwa abin tausayi ne. Ƙungiyar AIDS Help, wadda mazauna garin suka kafa a 1986 domin jinyar masu mutuwa, daga baya ta koma samar da ɗakunan zama masu rahusa da kai marasa lafiya ganin likita.