Littafi na Shida da Masu Jiransa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamaina, abokan karatu, da ƙannena ɗalibai, ina godiya da kuka ba ni wannan lokaci. An nemi in yi magana a kan ra'ayoyin masu karatu, ni kuma na zaɓi in tsaya a lungu guda na wannan fage, wato abin da masu karatu ke faɗa idan labari mai littattafai da yawa ya yi nisa, ya kai littafi na biyar ko na shida, musamman irin labarin da ake ginawa a kan tarihi na gaskiya sannan a zuba masa almara.

Domin kada maganar ta tsaya a iska, zan riƙe misali ɗaya har ƙarshe. Akwai marubuciya 'yar Amurka mai suna Naomi Novik, wadda ta rubuta jerin littattafai tara da aka fi sani da Temeraire. Na farkonsu ya fito a 2006, na ƙarshe kuma a 2016. Ta ɗauki yaƙe-yaƙen Napoleon, sarkin Faransa, kamar yadda tarihi ya kawo su, da sarakunansu da jiragen ruwansu da ranakun da aka gwabza, sai ta ƙara abu guda: a wannan duniyar akwai dodanni masu fiffike, masu hankali da magana, waɗanda sojoji ke hawa su yi yaƙi a sama. Jarumin labarin, William Laurence, kyaftin ne na jirgin ruwan Ingila wanda ya kama jirgin Faransa a 1805, ya tarar da ƙwan dodo a ciki, ƙwan ya ƙyanƙyashe, dodon kuma ya zaɓe shi. Wanda bai karanta ba ya gafarce ni, domin dole in tona wasu abubuwa na cikin labarin.

Kafin mu auna kowane ra'ayi, ya kamata mu fara da sanin mai faɗarsa. Littafi na ɗaya kowa na iya ɗauka, mai so da marar so, wanda ya zo da niyya da wanda ya tsince shi kawai. Littafi na shida kuwa ba ya isa hannun kowa sai wanda ya haƙura da biyar ɗin da suka gabata. Duk wanda labarin bai yi masa ba ya riga ya sauka tun a hanya, kuma ba zai dawo ya rubuta komai ba. Saboda haka idan kun ga yabo ya yi yawa a kan littafi na baya-baya, ku tuna cewa masoya ne kaɗai suka rage a wurin. Idan kuma kun ga fushi, ku tuna cewa fushin masoyi ne, wanda ya ba labarin shekarunsa, shi ya sa yake da zafin da ba a samu a sharhin littafi na farko. Mutumin da ya ce littafi na ɗaya bai yi masa daɗi ba, a cikin layi biyu yake gamawa ya wuce. Wanda littafi na shida ya ɓata wa rai zai cika shafi guda yana lissafa abin da aka yi masa alkawari ba a cika ba.

Sai kuma zaman jira. Littattafai uku na farko na wannan jeri duk a shekara guda suka fito, mai karatu na ajiye wannan sai ya ɗauki wancan. Daga baya tazara ta buɗe: na biyar a 2008, na shida a 2010, na takwas a 2013, na tara sai bayan shekara uku. A tsawon wannan jira mai karatu ba ya zaune haka nan. Yana rubuta nasa littafin a zuci, ya yanke wa zai mutu, wa zai tuba, ina za a yi karon ƙarshe. Ranar da littafin gaske ya iso, da wancan na zuci ake gwada shi, kuma da wuya ya ci wannan gwaji, tun da na zuci an ɗinka shi ne daidai jikin mai shi. Yawancin lokacin da na ji an ce ba haka aka so labarin ya tafi ba, abin da nake ji a ƙarƙashin maganar shi ne wannan littafin na zuci yana kukan an ƙi shi.

Bari in kawo muku abin da ya faru da littafi na shida. A na huɗu, Laurence ya kai wa Faransa maganin wata annoba da ke kashe dodanni, domin ya ƙi yarda gwamnatinsa ta yi amfani da cutar a matsayin makami. Wannan cin amanar ƙasa ne a idon doka, kuma a ƙarshe aka kore shi zuwa Ostareliya, inda Ingila ke jibge masu laifi a wancan zamani. Littafi na shida a can yake, kuma mafi yawansa tafiya ce a cikin busasshiyar ƙasa, nesa da fagen daga, nesa da Napoleon. Masu karatu da yawa sun koka cewa labarin ya yi sanyi, an ja shi, babu yaƙin da suka saba gani. Ban musa cewa tafiyar ta yi tsawo ba. Amma a nan ina tare da marubuciyar. Idan mutum ya zaɓi gaskiya a kan umarnin ƙasarsa, sannan littafi na gaba ya mayar da shi kan muƙaminsa kamar ba a yi komai ba, to zaɓin nasa ya zama na banza. Kora hukunci ce, kuma ɗacinta shi ne a raba mutum da wurin da ake yin abin da ya dame shi. Ƙuncin da mai karatu ya ji na nisa da yaƙi, shi ne ƙuncin da jarumin yake ciki. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.

Littafi na takwas kuwa wani abu ne daban, kuma a nan zan faɗi abin da ya same ni. Na buɗe shi da dare, da ɗokin wanda ya daɗe yana jira, sai na tarar da Laurence a gaɓar tekun Japan bayan haɗarin jirgi, ya manta duk shekarun da ya yi tare da dodonsa, yana ɗaukar kansa kyaftin ɗin ruwa na farkon labari. Na karanta shafuka kaɗan, na rufe littafin, na ɗora hannu a kan bangonsa na yi shiru. Abin da ya yi mini ciwo shi ne, littattafai bakwai na bi wannan mutum yana sauyawa a hankali, daga mai biyayya ido rufe zuwa mai tambayar dalilin umarni, sai ga shi an share duka a shafi ɗaya. Na san mantuwar ba ta dawwama ba, kuma na fahimci cewa tana ba shi damar ya sake kallon ayyukansa da idon mutumin da yake a da. Duk da haka, masu karatun da suka yi ƙorafi a kan wannan suna da hujja, domin abin da suka tara tare da jarumin ne aka karɓe, ko da na ɗan lokaci ne. Bambancin ƙorafin nan biyu shi ne, na farko yana neman a sauƙaƙa wa jarumi abin da labarin da kansa ya wajabta, na biyu kuma yana neman a mutunta abin da labarin ya riga ya gina.

Yanzu na zo kan abin da ya keɓanta da irin wannan adabi, wanda nake ganin shi ne tushen mafi yawan saɓanin masu karatu. Marubucin da ya sa almara a cikin tarihi ya ɗauki alkawari biyu a rana ɗaya, alkawari kuwa kaya ne. Ya yi wa mai son tarihi alkawarin zai ga duniyar da ya sani. Ya yi wa mai son almara alkawarin abin al'ajabin da aka kawo zai yi tasiri na gaske. A littafi na ɗaya alkawuran nan ba sa karo, domin lokacin da aka rufe kaɗan ne. Amma kowace shekara da labarin ya ƙara, tambayar tana ƙara nauyi: idan har akwai dodanni, me zai sa komai ya tafi yadda ya tafi?

A tarihi na gaskiya, Napoleon ya tara runduna a Boulogne, a gaɓar tekun Faransa, tsakanin 1803 da 1805 da nufin ƙetarawa Ingila, amma bai taɓa ƙetarawa ba, domin teku tana hannun jiragen Ingila. Nelson, babban kwamandan sojojin ruwan Ingila, ya mutu a yaƙin Trafalgar ranar 21 ga Oktoba, 1805. Daular Inka ta Kudancin Amurka ta faɗi bayan da Pizarro, wani mayaƙin Sifaniya, ya kama sarkinta Atahualpa a 1532. A cikin labarin kuwa Nelson ya tsira daga Trafalgar, Napoleon ya sauka a ƙasar Ingila a littafi na biyar, daular Inka tana nan da ƙarfinta, har Napoleon ya auri sarauniyarta, alhali a tarihi Marie Louise ta Ostiriya ya aura a 1810. Wani mai karatu zai ce an bar tarihi a baya, ba wannan ya biyo ba. Wani kuma zai dubi littafi na takwas, ya ga Napoleon ya shiga Rasha a 1812 daidai yadda tarihi ya ce, sai ya tambaya yadda duniyar da ta sauya haka za ta koma kan tsohuwar hanya a daidai wannan shekara. Su biyun littafi ɗaya suka riƙe, kuma kowannensu yana karɓar bashin alkawarin da aka yi masa ne. Ni ra'ayina ya fi karkata ga barin tarihi ya kauce, matuƙar an nuna dalilin kaucewar. Teku ce ta tsare Ingila, to ranar da aka sami abin da ke ɗaukar sojoji ta sama, tsaron ya rushe, kuma marubucin da ya ƙi bin wannan hanya ya mayar da dodanninsa ado kawai.

Wani zai tambaya ko marubuci ya kamata ya saurari masu karatunsa. Matsin masu karatu tsohon abu ne. Marubuci Arthur Conan Doyle ya kashe jarumin labaransa, mai binciken laifuka Sherlock Holmes, a 1893 domin ya gaji da shi, jama'a suka ƙi haƙura, kuma a 1903 ya dawo da shi da rai. Saurare yana da amfani idan mai karatu ya kama marubuci ya karya dokar da shi da kansa ya kafa, kamar a ce dodon da aka nuna yana gajiya bayan tafiyar yini ya wayi gari yana ƙetare nahiya ba hutu, ko jarumi ya aikata abin da littattafai biyar suka nuna ba halinsa ba ne, ba tare da wani dalili ba. Irin wannan mai karatu ya fi marubucin tuna littafin, domin shi ya maimaita shi sau uku, marubucin kuwa ya wuce gaba tun shekaru. Ruwa ba ya tsami banza, kuma idan mutane da yawa da ba su san juna ba suka nuna wuri guda suka ce a nan labarin ya yi rauni, to akwai abin dubawa a wurin, ko da maganin da suka kawo ba shi ne daidai ba. Inda saurare ke zama illa shi ne idan abin da ake nema a maimaita littafi na ɗaya ne, da irin mamakinsa da irin ɗokinsa. Wannan babu marubucin da zai iya bayarwa, domin ƙwan dodon nan sau ɗaya ya ƙyanƙyashe a kan jirgin Laurence, mai karatu kuma sau ɗaya ya gan shi bai san abin da zai fito daga ciki ba.