Gift Ngoepe: Daga Ɗakin Randburg Zuwa Babbar Gasar Besbol

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gode wa waɗanda suka shirya wannan zama, da ku da kuka bar harkokinku kuka halarta. Maganarmu ta yau a kan wasan besbol ce, kuma zan ɗora ta a kan rayuwar mutum guda, Mpho Gift Ngoepe na Afirka ta Kudu, wanda shi ne haifaffen nahiyar Afirka na farko da ya buga babbar gasar Amurka ta MLB.

Kafin mu kai gare shi, ya kamata mu fahimci aikin da yake yi. A tsakiyar filin besbol akwai tashoshi huɗu, tsakanin kowace da mai bi mata ƙafa 90, wato kimanin mita 27. Mai jifa zai wurgo ƙwallo, mai bugu ya doke ta da sanda, sannan ya sheƙa da gudu zuwa tasha ta farko. 'Yan tsaron ciki mutum huɗu ne, kuma aikinsu shi ne su cafe ƙwallon da ke tsalle a ƙasa, su jefa ta tashar kafin mai gudun ya isa. Mai gudu yakan isa cikin daƙiƙa huɗu da 'yan kai, saboda haka a ɗan wannan lokaci ne mai tsaro zai karanta tsallen ƙwallon, ya durƙusa, ya kama ta da safar fata, ya mayar da ita ɗaya hannun, ya jefa ba tare da kuskure ba. Ngoepe ya fi tsayawa tsakanin tasha ta biyu da ta uku, gurbin da ake ba wa wanda ya fi kowa zafin nama da ƙarfin jifa.

An haife shi ranar 18 ga Janairu 1990 a garin Pietersburg, wanda yanzu ake kira Polokwane. Sunansa Mpho ma'anarsa kyauta a harshen Sotho. Mahaifiyarsa ta samu aikin shara da kula da ginin wata ƙungiyar besbol mai suna Randburg Mets a gefen Johannesburg, aka ba ta wani ɗan ƙaramin ɗaki a cikin ginin, kuma a nan ta rene shi tare da 'yan uwansa. Ku dubi wannan da kyau, jama'a. A ƙasar da ƙwallon ƙafa da rugbi da kurket suka mamaye, wannan yaro idan ya buɗe ƙofa da safe, filin besbol yake fara gani, shi ne tsakar gidansu. Daga nan aka gayyace shi makarantar horon da MLB ke gudanarwa a Tirrenia ta ƙasar Italiya, inda masu farautar 'yan wasa na ƙungiyar Pittsburgh Pirates ta MLB suka gan shi, suka ɗauke shi a 2008.

Duniya ta fara jin sunansa a watan Maris na 2009, lokacin da ya wakilci ƙasarsa a gasar World Baseball Classic a birnin Meziko yana ɗan shekara 19. An fitar da Afirka ta Kudu tun a zagayen farko bayan ta sha kashi a hannun Kyuba da Meziko, amma a wasan da suka yi da masu masaukin baƙi, sau biyu Ngoepe yana doka ƙwallo ta yi nisan da ya kai tasha ta uku a gudu ɗaya. Ya sake sanya rigar ƙasarsa a wasannin neman gurbin shiga wannan gasa, ciki har da na Sydney a 2016.

Abin da na fi so mu tsaya a kansa shi ne shekarun da suka biyo baya. Kowace daga ƙungiyoyi 30 na MLB tana da ƙananan ƙungiyoyi hawa-hawa, kuma sai ɗan wasa ya bi su kafin ya ga babban fili. Ngoepe ya shafe fiye da shekara takwas a wannan tsani, daga ƙaramar ƙungiyar Pirates ta garin Bradenton zuwa ta Altoona zuwa ta Indianapolis, cikin doguwar tafiya a motar bas da albashin da bai taka kara ya karya ba. Ba a taɓa shakkar hannunsa ba, domin ana lissafa shi a matsayin gwanin tsaron ciki na duk ƙananan ƙungiyoyin Pirates. Matsalar tana wajen bugu. A wannan sana'a tsaro yana hana a sallami mutum, amma bugu ne ke sa a ɗaga shi sama, kuma yaron da ya tashi a Randburg bai saba fuskantar masu jifa irin waɗanda tsaransa na Amurka da Jamhuriyar Dominika suka saba da su tun suna ƙanana ba. Da farko yana bugu ta dama da ta hagu, daga baya ya ajiye hagun ya tsaya kan dama kaɗai. A 2013 kuma mahaifiyarsa ta rasu, ya koma gida, sannan ya dawo ya ci gaba. A ganina, wannan dawowar ta fi duk abin da ya yi a fili nauyi.

Ranar 26 ga Afrilu 2017 aka kira shi Pittsburgh. Ya shiga a zagaye na huɗu na wasansu da Chicago Cubs, masu riƙe da kofi a lokacin, ya tsaya a tasha ta biyu. Da ya karɓi sanda a karon farko, Jon Lester ne ke jifa, sai ya doka ƙwallon ta ratsa tsakiyar fili, ya isa tasha ta farko lafiya. Pirates ta ci wasan 6 da 5. A wannan sa'a dare ya riga ya raba a Afirka ta Kudu, an shiga 27 ga Afrilu, ranar da ƙasar ke bikin 'yanci domin tunawa da zaɓen 1994.

Zamansa a sama bai yi tsawo ba. Ya buga wasa 28 a Pirates a waccan shekara, aka tura shi ƙungiyar Toronto Blue Jays, ya buga 13 a 2018, jimilla 41. Daga nan ya yi wasa a Sydney Blue Sox ta Ostireliya, da ƙungiyoyi masu zaman kansu a Lancaster da Quebec. A 2019 wani ɗan ƙasarsu, Tayler Scott, mai jifa, ya shiga MLB da ƙungiyar Seattle Mariners. Shi kuwa Ngoepe, da ya ajiye wasa, sai ya koma horar da matasa a ƙananan ƙungiyoyin Arizona Diamondbacks, yana karɓar samarin da ke taka matakin farko na tsanin da ya hau.

A nan zan dakata domin a samu lokacin tambayoyi. Na gode, wassalamu alaikum.