Amsoshin Tambayoyinku: Hazon hunturu da iskar Arlit

Jama'a masu saurare, wasiƙarmu ta farko ta fito daga hannun wani malamin makaranta a unguwar Birni, nan Damagaram. Ya ce akwai saƙon murya da ke yawo a WhatsApp, wai hazon hunturu na kwaso iskar gubar uraniyom daga Arlit, ita ke ƙara zafi, tana hana ruwan sama, tana sa yara tari. Shin gaskiya ne?

To malam, iskar da ake nufi akwai ta, sunanta radon. Ba launi, ba wari. Tana fitowa daga uraniyom ɗin da ke cikin ƙasa da duwatsu ko'ina a duniya, har da irin manyan duwatsun nan namu na Damagaram. Sai dai ba ta da tsawon rai. Kafin kwana 4 su cika rabinta ya lalace, kuma da zarar ta fito sarari iska ke watsa ta. Tsakaninmu da Arlit kuwa ɗaruruwan kilomita ne, sai ma ka wuce Agadas.

Inda take yin ɓarna shi ne wurin da ke rufe: ramin haƙar ma'adinai, ko ɗakin da aka toshe tagoginsa da tsumma da buhu tun shigowar sanyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce radon na haddasa kashi 3 zuwa 14 cikin ɗari na sankarar huhu, gwargwadon ƙasa, kuma mashaya taba ta fi yi wa illa. Saboda haka a riƙa buɗe ɗaki da rana, iska ta ratsa.

Masu hujjar damuwa su ne mutanen Arlit da garin Akokan da ke kusa da shi. Tun 1971 ake haƙar uraniyom a can, kuma da aka rufe mahaƙar kamfanin COMINAK a 2021 an bar miliyoyin tan na tarkacen ma'adinin kusa da gari. Wannan kam abin a matsa wa hukumomi lamba ne.

Zafi kuwa ba aikin radon ba ne. Hayaƙin man fetur da gawayin ƙasa da duniya ke ƙonawa ke riƙe ɗumin rana. Tarin yara kuma galibi ƙura ce da sanyi, amma in ya daɗe a kai su likita.

Wata baiwar Allah daga Mirriya tana tambaya ko da gaske Faransa ta taɓa tayar da bam ɗin nukiliya a Sahara. Ƙwarai kuwa, hajiya. Na farkon ya tashi ne ranar 13 ga Fabrairun 1960 a yankin Reggane na kudancin Aljeriya, kuma har yau mutanen wurin na neman a biya su diyya.