Jan Biro: Abin da Kuskuren Yaro Ke Faɗa wa Malami

[Hoto: tarin littattafan rubutu a kan tebur, ga jan biro a gefe]

Assalamu alaikum malamai, barkanmu da war haka. Wannan tarin littattafai da kuke gani na 'yan aji uku ne, a wata firamare cikin garin Gusau. An tashi, yara sun watse, Malama ce kaɗai ta rage da jan bironta. Bari mu buɗe guda ɗaya mu gani.

[Hoto: shafin lissafi, kusa-kusa]

An ce 52 a ɗebe 17. Yarinya ta rubuta 45, alhali amsar 35 ce. Abin da yawancinmu ke yi a nan sananne ne: a zabga mata ja, a wuce. To amma Malama, dakata kaɗan. Wannan 45 ɗin ba canka ta yi ba. Ta dubi 2 da 7, ta ga 7 ya fi girma, sai ta cire 2 daga 7, ta sami 5. Ta koma gidan goma ta cire 1 daga 5, ta sami 4. Duba na ƙasa: 43 a ɗebe 28, ta rubuta 25. Hanya ɗaya ta bi. Ga kuma 68 a ɗebe 25, ta rubuta 43, daidai babu ko tantama.

Ashe yarinyar ta iya ɗebewa. Aro ne kawai bai zauna mata ba. Idan kika jera mata ja har biyar a shafi, sai ta ɗauka matsalolinta biyar ne, ko ma ta ce ita ba ta da kan lissafi. Alhali matsalar ɗaya ce tak, kuma ɗaurin tsinken tsintsiya goma-goma ya isa ya warware ta: a kwance ɗauri ɗaya a gabanta, 2 ya koma 12, sannan ta cire 7.

Wannan shi ne asalin duba aiki. Maki na gaya wa yaro inda ya tsaya ne kurum. Gyara kuwa shi ke nuna masa inda zai sa ƙafa.

Mu fa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Duk wanda ya yi makarantar allo ya sani. Ka kawo allonka gaban malam, ka biya, inda harshenka ya karkace nan take zai tsayar da kai ya gyara, ka maimaita. Ba ya ce maka ka ci shida cikin goma. Kuma ba ka wanke allo sai karatun ya zauna. Gyara nan take, a kan abu guda, sannan a sake gwadawa. Da muka shigo ajin boko sai muka riƙe jan biro muka saki wannan.

Masu bincike ma sun gwada abin. A 1988, wata masaniya mai suna Ruth Butler ta yi gwaji da 'yan aji biyar da shida a Isra'ila. Wasu aka ba su maki kawai, wasu bayanin gyara kawai, wasu kuma aka haɗa musu biyun. Waɗanda aikinsu ya ƙara kyau su ne na bayani kawai. Abin mamakin, waɗanda aka haɗa wa maki da bayani ba su tsere wa na maki kawai ba. Duk malamin aji ya san dalili. Ka miƙa wa yaro littafi, idonsa na kan lamba, daga nan sai wuyansa ya miƙe zuwa littafin na kusa da shi: "Kai nawa ka ci?" Bayanin da ka ɓata dare kana rubutawa, ko kallo bai ishe shi ba.

Na san abin da ke ranka, Malam. Kana cewa wannan maganar masu ƙananan azuzuwa ce. Gaskiyarka. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, amma wanda ya shiga aji a Kaura Namoda ko Talata Mafara ya san takarda daban, benci daban. A ce yaranka 80, kowane littafi minti biyu. Minti 160 ke nan, kusan awa uku, a darasi ɗaya kacal. Ba mai iyawa kullum, kuma wanda ya ce yana yi, a duba littattafan da kyau.

Saboda haka kada ka jira a tashi. Yara na cikin aiki, ka zaga da bironka tsakanin layuka. Yau layi biyu, gobe wasu biyun, kafin Juma'a ka leƙa littafin kowa. Kalma ɗaya a kunnen yaro yana tsakiyar rubutu ta fi layi uku da zai gani bayan kwana huɗu, lokacin ya manta ma da tambayar.

Ranar da ka kwashi littattafai kuma, ba dole sai ka yi rubutu cikin kowanne ba. Raba su kashi uku: waɗanda suka gane, waɗanda suka kusa, da waɗanda suka ɓace. Za ka tarar kuskure biyu ko uku ne ke ta yawo a ajin. Da safe ka ɗora su a allo ba tare da kiran sunan kowa ba, ka ce, "Wani ya sami 45. Wa zai gano mana hanyar da ya bi?" Nan za ka ga hannuwa, har da na mai kuskuren.

[Hoto: shafin Hausa, an rubuta "kafa" da "daki"]

Ga wani. An yi shifta, yaro ya rubuta "kafa" maimakon "ƙafa", "daki" maimakon "ɗaki". Kada ka gyara masa da hannunka. Ja layi ƙarƙashin harafin, ka sa ya karanta abin da ya rubuta da ƙarfi. Da kunnensa zai ji lanƙwasar ta faɗi. Idan kai ka gyara, kai ka yi aikin, shi kwafa kawai zai yi.

Sannan don Allah mu dubi abin da muke rubutawa. "Good", "Fair", "Poor". Yaron aji biyu da ko Hausa bai gama haɗa baƙi ba, me "Poor" ta koya masa? Rubuta da Hausa, gajere: "Ka iya jera lambobi. Sake duba na 3, sai ka yi aro." Wanda bai kai ga karantawa ba, gaya masa da baki. Bulala a kan sifili kuwa, abin da na ga tana koyarwa shi ne satar amsa. Gobe littafin zai zo tsaf, kai kuma ka rasa tagar da kake leƙa kan yaron.

Maki na da ranarsa. Tun manufar ilimi ta 1977 aka shigo da gwajin bi-da-bi, wanda muke kira C.A., domin kada jarrabawar ƙarshen zango ta yanke wa yaro hukunci ita kaɗai. Sai dai mun sha ganin inda ake cike gurabensa da ka, ana saura kwana biyu a ba da sakamako. Wannan kam cika takarda ne.

Abu na ƙarshe, minti goma na farkon darasin gobe na gyara ne. A raba littattafai, kowa ya koma kan nasa kuskuren, kai kana zagawa.

[Hoto: shafin farko, hannun yarinya riƙe da fensir]

Ga yarinyarmu ta ɗazu. Ta soke 5 ta mayar 4, ta sa 1 gaban 2. 12 a ɗebe 7, saura 5. 4 a ɗebe 1, saura 3. Malama ta ƙara mata wani sabo a ƙasa, 61 a ɗebe 24, ta wuce layi na gaba.